Gidan Zoo na Kano da taƙaddamar filinsa

Gidan Zoo na Kano, wanda ake kira Gidan Namun Daji na Audu Bako, wuri ne na adana namun daji da itatuwa da ke kan titin Zoo Road a birnin Kano. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin gwamnan soja Audu Bako. A lokacin wurin yana bayan gari, amma yanzu gidaje da shaguna sun kewaye shi, kuma yana cikin manyan filaye masu itatuwa da suka rage a birnin.

Amfanin jama'a

Gwamnatin jiha ce ke kula da gidan. Ɗalibai na zuwa yawon buɗe ido, sai dai ya fi cika a lokacin bukukuwan Sallah. Cunkoson yana kawo kuɗin shiga, yana kuma kawo shara da hayaniyar da ke takura wa dabbobi. A watan Oktoban 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka rufe gidan har sai da aka shawo kansa, abin da ya tayar da hankalin mazauna unguwar.

Batun sauya masa wuri

A shekarar 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sanar da shirin mayar da gidan zuwa Tiga, bisa hujjar cewa hayaniyar gari ba ta dace da dabbobin ba. Masu suka sun nuna fargabar cewa za a yanka filin a yi gine-gine. Gwamnatin ta sauka a 2023 ba tare da an kwashe dabbobin ba.

Taƙaddamar ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: walwalar dabbobi da makomar filin. Ana iya kai zaki Tiga, amma inuwa da iskar da itatuwan ke bai wa unguwar ba sa ƙaura. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar, dajin dogon yaro da aka fara dasawa a gefen birnin a 1965 ya yi ta raguwa saboda yanka fuloti. Irin wannan wuri yakan tsira ne idan doka ta hana sayar da shi, aka kuma sa makarantu da mazauna unguwa cikin dashe da tsaftace shi, har su ɗauke shi nasu.