Iska, Agogo da Matashin Ɗan Tsere

A watan Disamba na 2024, a gasar makarantu da aka yi a birnin Birisben na Ostareliya, wani ɗalibi mai shekara 16, Gout Gout, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ta Kudu ne, ya gama tseren mita 100 cikin sakan 10.04. Sai dai a gefen wannan lamba akwai wata ƙarama, wato 3.4, wadda ke nuna mita nawa iskar da ke bayansa take tafiya a sakan guda. Da aka zo zagayen ƙarshe iska ta lafa zuwa 0.9, sai ya yi 10.17. Yaro ɗaya, rana ɗaya, fili ɗaya.

Dalilin ba boyayye ba ne. Mai gudun mita 10 a sakan, ko da ganye ba ya motsi, yana keta iska da ƙirjinsa, ita kuwa tana tokare shi. Ƙarfin tokarar yana bin ninkin saurin ne a kan kansa. Alal misali, idan ba iska, 10 sau 10 ya ba da 100. Idan iskar mita 2 tana bayansa, abin da yake karo da shi ya koma 8, wato 64. Idan kuwa a gabansa take, ya zama 12, wato 144. Mai karatu zai lura cewa ragin 36 ne, ƙarin kuwa 44. Ashe cutar iskar gaba ta fi taimakon iskar baya. Masana sun ƙiyasta cewa iskar baya ta mita 2 tana rage wa ƙwararren ɗan tsere kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan, kuma a wannan wasa tazarar ta isa ta raba na ɗaya da na biyar.

Don haka ne hukumar wasannin guje-guje ta duniya ba ta karɓar bajinta idan iskar baya ta wuce mita 2.0. Tobi Amusan ta Nijeriya ta ga wannan a Yujin ta Amurka a 2022: ta kafa tarihin duniya na tseren tsallake shinge da 12.12, sa'an nan a zagayen ƙarshe ta yi 12.06, amma aka ƙi rubuta shi domin iska ta kai 2.5.

To, idan haka ake tsantseni da zakarun duniya, ina ga filin makarantar sakandare, inda sau da yawa gasar gidaje takan faɗo cikin hunturu, ba ma'aunin iska, agogon kuma na hannu ne? Mai riƙe da agogo yakan makara wajen dannawa bayan an ba da alamar tashi, shi ya sa bisa al'ada ake ƙara sakan 0.24 a kan lokacin hannu. Malamin da ya ɗauki sakamakon yini ɗaya ya ce wa wannan yaro zakara ne, wancan kuwa ya je ya nemi wani abin yi, haƙiƙa ya yi gaggawa, kuma na biyun ne aka fi zalunta, domin da wuya ya sake komawa fili. Bugu da ƙari, 'yan shekara 15 ba su balaga tare. Wanda ya riga sa'o'insa yana da tsokar da su ba su tara ba tukuna, kuma bayan shekara uku lissafi yana iya juyawa.

Abin da ya kamata shi ne malami ya ajiye littafi, ya riƙa rubuta lokacin kowane yaro tare da inda iska ta fuskanta, a gudu gabas yau, gobe a gudu yamma, a kwatanta zango da zango. Shi kansa Gout ba 10.04 ce ta tabbatar da shi ba. Washegari ya gudu mita 200 cikin 20.04 da iskar da doka ta yarda da ita, ya goge tarihin Ostareliya da Peter Norman ya kafa tun 1968.