Yadda Ya Kamata Mu Auna Ɗaliban Nazarin Alƙaluma

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na ƙarshen 2020 sun nuna kashi 33.3 cikin 100 na majiya ƙarfi a Najeriya ba su da aikin yi. A farkon 2023 adadin ya koma kashi 4.1. Ma'auni aka sauya, har wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya shiga sahun masu aiki.

Ɗalibin digiri na biyu da ya kasa bayyana wannan bai cancanci shaidar ƙwarewa a nazarin alƙaluman al'umma ba. Amma jarrabawar jami'o'inmu ta fi auna haddar ƙa'idojin lissafi da sarrafa manhajar SPSS. Ɗalibi zai kawo jadawali tsaf, da na tambaye shi wa ya tattara bayanan, su wa aka tsallake, sai ya yi tsuru-tsuru.

Shawarata ita ce a ba shi ɗanyen bayanai, ya tace su, ya rubuta wa kwamishina shawara mai shafi biyu, sannan ya kare ta da baki. A ware maki ga wanda ya faɗi iyakar abin da alƙaluman za su iya tabbatarwa, musamman da yake rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006.

Waɗannan ɗalibai ne gobe za su tsara ƙauyen da zai samu asibiti da wanda zai jira. Tun ran gini, tun ran zane.