Gidan Sarki Makaranta Ne Ga Wanda Ya Je Da 'Ya'yansa

Akwai wata magana da muka daɗe muna so mu yi da 'yan'uwanmu waɗanda Allah ya hore wa halin zuwa ƙasashen waje tare da iyali. Idan suka komo ka tambayi yaro abin da ya gani, sai ya lasafta maka kantuna da masauki da irin abincin da aka ba shi cikin jirgi, daga nan kuma sai shiru. Mu da aikinmu ya ke na duba makarantun lardi da horon malamai, wannan abu ya kan dame mu, gama kuɗin da aka ɓatar wajen tafiyar ya isa ya biya wa yaro makaranta shekaru, ga shi kuwa bai komo da abin da ya kai darasin rana ɗaya ba. A ganinmu duk uban da ya kai 'ya'yansa wata ƙasa, ya kamata ya ware yini guda cur ya kai su gidajen sarakunan ƙasar na dā, ko ana sanyi ko ana zafi, shi kuwa ya zama malaminsu a ran nan. Mun gwada wannan a Siyol, babban birnin Koriya ta Kudu, cikin watan Janairu na 2024, mu da uwargida da yara uku, saboda haka abin da za mu faɗa gani ne da ido.

Uwargida ce ta fara ƙin shawarar. Da ta leƙa ta taga da safe ta ce, "Malam, wannan sanyi ba na fita da yara ba ne." Tana da gaskiyarta, domin hunturunmu na gida wasa ne in an gwada shi da na can, inda ruwa ke daskarewa a kan hanya, yatsun mutum su ƙage har ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa. Duk da haka muka naɗe yaran da riguna bisa riguna, muka shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari, muka isa babbar ƙofar da a ke kira Gwanghwamun kafin ƙarfe goma, lokacin da dogarai ke canjin tsaro da tambura da tutoci irin na zamanin dā. Wannan ita ce ƙofar Fadar Gyongbok, babbar cikin fadoji biyar na birnin. Kuɗin shigar babban mutum a lokacin won 3,000 ne, wanda kuwa ya sa tufafin gargajiyar ƙasar ba a karɓar ko kwabo a hannunsa, don haka sai ka ga 'yan mata cikin sutura mai launi-launi suna rawar ɗari suna ɗaukar hoto.

Waɗansu za su ce me zai hana a jira bazara, sa'ad da itatuwa suka yi fure? Mu dai mun ga sanyin nan shi ya fi koya wa yaran abu. A gaban zauren da karagar mulki ta ke akwai babban fili wanda aka shimfiɗe da falalen duwatsu, da ƙananan duwatsu a tsaye jere biyu, kowane da muƙamin da aka sassaƙa a jikinsa. Nan fadawa ke tsayawa ranar taro, ma'aikatan mulki ta gabas, sarakunan yaƙi ta yamma, kowa daidai dutsen girmansa. Muka sa yaran kowa ya tsaya gefen dutse guda na minti biyu kurum. Ba su cika ba suka fara tsalle-tsalle. To, daga nan ba mu bukaci dogon bayani ba game da abin da hidimar sarki ke ci wa mutum.

Haka kuma sai da sanyi mutum zai kula da dabarar da suka yi ta ɗumama ɗaki, wadda su ke kira ondol. Ana hura wuta a wani murhu daga waje, zafi da hayaƙi su bi ta ramukan da aka gina ƙarƙashin daɓen, wanda a ke yi da falalen dutse a shafe da yumɓu a lulluɓe da takarda mai mai, sa'an nan hayaƙin ya fita ta bututu can nesa da ɗakin. Uwargida ta riga mu ganewa, ta ce ai gadon ƙasa ne irin wanda tsofaffinmu ke hura wa maijego wuta ƙarƙashinsa, sai dai nasu ɗakin ne duka gado. A bayan sashen uwargidan sarki akwai bututun hayaƙi guda huɗu masu kusurwa shida-shida, na jan bulo, an ƙawata su da zanen furanni da tsuntsaye. Da rani baƙo zai ɗauka ado ne kawai.

A nan ne babban ɗanmu, mai shekara goma sha huɗu, ya karanta allon bayani ya ga sashen da mu ke kallo a 1995 aka gina shi. Ya juyo ya ce, "Baba, ashe sabon gini ne? To, me muka zo gani cikin wannan sanyi?" Tambayar tana da nauyi, kuma uban da bai yi shiri ba nan zai sha kunya, domin gaskiya yawancin abin da ke cikin fadar nan sabo ne.

Ga yadda abin ya ke. An gina fadar a 1395, shekara uku bayan kafuwar daular Joson. Ta ƙone a 1592, sa'ad da Japan ta kawo yaƙi, ta zauna kango fiye da shekara 270. Sai a 1867 mahaifin Sarki Gojong, wanda ke riƙon mulki saboda ƙuruciyar ɗansa, ya sake tayar da ita. Ba mu ɓoye wa yaran abin da wannan aiki ya jawo wa talakawa ba: an ɗora musu gudummawar dole da aikin tilas, an buga wani sabon kuɗi wanda aka ce guda ɗaya daidai ya ke da tsofaffi 100, alhali ƙarfensa bai kai haka ba ko kusa, farashin kaya ya tashi, mutane suka sha wuya. Bayan duk wannan, ba a cika shekara talatin ana zaune ciki ba. A 1895 'yan ina-da-kisa na Japan suka shiga har cikin gida suka kashe matar sarki, a 1896 sarki ya gudu ofishin jakadan Rasha, bai ƙara zama a fadar ba. Da Japan ta haɗiye ƙasar a 1910 sai aka shiga rushe ɗakuna ana sayar da katakonsu, har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, a 1926 kuma aka gama wani ƙaton ofishin Gwamna na dutse, tsakiyar filin, daidai gaban zauren sarauta, yadda mai wucewa ba zai hangi zauren ba. Koriya ta sami kanta a 1945, amma ofishin nan ya ci gaba da tsayuwa har 1995 da aka fara rushe shi, aka gama a 1996. Aikin maido da fadar kuwa tun 1990 aka soma.

Muka ce wa yaron, wanda ya gina ofishi a bakin ƙofar sarki ya san abin da ya ke nufi, waɗanda suka rushe shi su ma sun san abin da su ke nufi. Mu a namu ra'ayi sake ginin daidai ne, da sharaɗi guda, watau a rubuta shekarar a allo kowa ya gani, kada a yaudari baƙo. Sun kuwa rubuta, shi ya sa ma ya gani har ya yi tambaya. Sa'an nan muka mayar masa da tambayar: magina da kafintocin 1995 ba su taɓa ganin ɗakin nan ba, ina suka san tsawonsa da faɗinsa da yawan ginshiƙansa? Ya yi shiru, sai ƙanwarsa ta ce watakila an rubuta. Haka ne. Daga tsofaffin taswirori da littattafan fada da hotuna, da tushen ginin da aka tono, aka tayar da shi.

Mutanen nan sun riƙi rubutu da ƙarfi ƙwarai. Daular tana da magatakarda waɗanda aikinsu shi ne bin sarki suna rubuta abin da ya faɗa da abin da ya yi, bisa ƙa'ida kuwa sarki ba shi da ikon ya ce a kawo ya duba. Tarihin da aka tara daga wannan ya ƙunshi sarakuna 25 da shekara 472. A 1404 Sarki Tejong ya faɗo daga doki wajen farauta, ya ce kada a bari magatakarda su ji. Sai suka rubuta faɗuwar, suka kuma rubuta cewa ya ce kada a faɗa musu. Yaran suka yi ta dariya, har ƙaramin ya manta da sanyi. An ajiye littattafan nan wuri huɗu dabam-dabam. A yaƙin 1592 na wuri uku suka ƙone, na garin Jonju kaɗai suka tsira, domin waɗansu malaman wurin sun ɗauke su sun kai kan dutse sun ɓoye.

Wurin da ya fi taɓa mu, mu malaman makaranta, wani ɗaki ne wanda yawancin masu yawo ke wucewa ba su waiwaya ba, kusa da rumfar nan mai ginshiƙan dutse 48 da ke tsakiyar tafki, wanda ran nan ya daskare ya zama kamar daɓe. A filin ɗakin ne majalisar malamai ta Sarki Sejong ta ke a dā. A zamaninsa da haruffan Sin a ke rubutu, masu dubbai, wanda sai ɗan mai hali ke da sukunin koyonsu. A 1443 Sejong ya fito da haruffa 28 waɗanda suka dace da bakin mutanensa, ya bayyana su ga jama'a a 1446, don manomi da mace a ɗaki su iya rubuta abin da ke ransu. Yanzu 24 a ke amfani da su. Kada mai karatu ya zaci an karɓe su hannu biyu-biyu. Tun 1444 waɗansu manyan malamai na cikin majalisar ita kanta suka kai wa sarki takardar ƙin amincewa, masu ilmi kuma suka ci gaba da raina haruffan suna cewa na mata ne, har sai 1894 aka yarda a rubuta takardun hukuma da su. Shekara 450 ke nan. Duk malamin da ya taɓa zama da dattawan ƙauye yana roƙon su sa yara makaranta, ya ji wannan lissafi sai hankalinsa ya ɗan kwanta.

Bayan mun ɗumama jiki cikin gidan kayan tarihin da ke harabar, wanda a ke shiga kyauta, muka taka kamar mil guda zuwa Fadar Cangdok. Sarkin nan da ya faɗo daga doki shi ya gina ta a 1405, ita ma ta ƙone a 1592, amma ita aka fara gyarawa, sarakuna suka zauna cikinta mafi yawan lokacin da waccan ta ke kango. Nan ɗanmu ya sami sauran amsarsa. A 1917 gobara ta cinye sashen kwanan sarki na Cangdok, sai hukumar Japan ta sa aka kwance sashen sarki da na matarsa na Gyongbok aka kawo katakon aka gina nan. Watau da safe mun ga wurin babu ainihin katakon, da yamma mun ga katakon ba a wurinsa ba. Muka tambaye shi wanne ne na gaskiya, ya ce sai ya yi tunani. Ba mu matsa masa ba.

A lambun da ke bayan fadar, inda ba a shiga sai da tikiti dabam, mun ga ɗakin littattafan da Sarki Jongjo ya kafa a 1776, bisa tudu a bakin wani ƙaramin tafki, dusar ƙanƙara ta rufe matakalarsa. A nan ne fa ƙaramin yaron ya gaji ya fara kuka, muka goya shi har bakin ƙofa, uwargida ba ta ce komai ba amma kallon da ta yi mana ya isa. Dole mu amsa laifinmu: fada biyu a yini ɗaya cikin sanyi ta yi wa ɗan shekara shida yawa, kuma rana tana faɗuwa da wuri, ƙarfe biyar a ke rufe Gyongbok a watannin sanyi. Mai niyya ya kuma sani ba a buɗe Gyongbok ran Talata, Cangdok kuwa ran Litinin.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne karatun da uba zai yi kafin a fita. Dare biyu muka yi muna karanta tarihin nan bayan yara sun kwanta, kamar yadda mu ke tilasta wa ɗalibanmu na horon malamai kada su shiga aji ba da shirin darasi ba. Jagora yana da mutum talatin a gabansa, bai san abin da ɗanka ya sani ba balle abin da zai ba shi dariya. Mun ga iyalai da yawa ran nan, uba na gaba da na'urar hoto, yara na biye suna hamma, suka ratsa ta gaban ɗakin majalisar Sejong ba wanda ya ce musu ga abin da ya faru a nan. Ba mu ga laifin hoton ba, mu ma mun ɗauka.

Da dare a masauki 'yarmu ta roƙi matar da ke karɓar baƙi ta rubuta mata haruffan nan 24 a takarda, kafin mu bar ƙasar ta iya rubuta sunanta da na 'yan'uwanta da su. Wanta kuwa har muka sauka gida bai yanke hukunci a kan katakon ba, mun ji ma ya kai maganar wurin malaminsu na tarihi.