Kada Mu Rushe Aikin Hannun Baba Soja



Dattawan ikkilisiyarmu sun kawo shawarar rushe tsohuwar majami'a domin a gina babba a wurinta. Na yarda muna bukatar babban ɗakin sujada, gama Allah ya ƙara mana yawa. Amma ban yarda a rushe tsohon ba, kuma dalilina shi ne mutumin da ya gina shi, wanda dukanmu muke kira Baba Soja.

Yaranmu ba su san shi ba, domin ya daɗe da kwantawa cikin Ubangiji. Yana saurayi aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai su Burma su yaƙi Japan. Sojojin Afirka ta Yamma sun yi wannan yaƙi cikin runduna ta 81 da ta 82, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suna ratsa kurmi da kaya a ka, har suka ƙwace garin Myohaung a watan Janairu 1945. Barikin Kalapanzin a Kaduna da barikin Chindit a Zariya daga wancan yaƙin suka samo sunansu. Gwamnati ta sa wa barikoki suna domin tunawa. Mu fa, me muka ajiye?

Da Baba ya dawo a 1946, bai zauna yana taƙama da lambar yabo ba. Gini ya kama. A lokacin masu bi ba su cika gida goma ba a garin nan, kuma a gindin bishiya suke sujada. Shi ya auna fili da igiya, ya haƙa harsashi, matan zumunta suka ɗebo ruwa, samari suka kwaɓa ƙasa suka buga tubali. Bai karɓi ko kwabo ba. Da rana yana gina wa maƙwabtanmu Musulmi gidaje, da abin da ya samu yake ciyar da iyali, ya biya wa 'ya'yansa mata da maza kuɗin makaranta, har da marayun ƙaninsa. Kowace safiya sai ya tara gidansa an yi addu'a kafin ya fita.

Wasu za su ce ikkilisiya mutane ce, ba ƙasa da azara ba. Gaskiya ne. Amma mu da muke tsiraru mun san wahalar samun fili da izinin gina majami'a. Wannan tsohon ɗaki shaida ce cewa mu ba baƙi ba ne a nan, kakanninmu sun zub da gumi a ƙasar nan, sun kuma zauna lafiya da maƙwabta. Joshuwa ma ya sa an kafa duwatsu goma sha biyu bayan haye Urdun domin yara su yi tambaya a ba su amsa.

Roƙona ga dattawa shi ne a gina sabuwar majami'a a filin da ke gefe, a yaɓe tsohuwar, a sake mata kwano, ta zama ajin makarantar Lahadi. Matasa kuma su zauna da 'ya'yan Baba da suka rage, su rubuta tarihinsa tun suna da rai. Kowace ikkilisiya tana da irin nata Baba Soja. Ku ma ku nemi naku.

Allah ya ba dattawanmu hikima. Amin.