Illar Roba Ba Ta Tsaya a Magudanan Ruwa Ba

A watan Yunin 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hana amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatu da hukumomin gwamnati. Hujjar da aka fi bayarwa ita ce shara da toshewar magudanan ruwa. Hujja ce mai kyau, sai dai akwai wadda ta fi ta nauyi, wato abin da roba ke bari a jikin ɗan Adam.

Masana'antu kan zuba wa roba sinadarai. BPA yana cikin wasu robobi masu tauri da shafen cikin gwangwanin abinci, DEHP kuwa laushi yake sa wa roba. Zafi da maiƙo na sa irin waɗannan sinadarai su tsiyaya cikin abinci.

Abin da ya ɗauki hankalin masana shi ne, ba sai sinadari ya lalata ƙwayoyin gado ba kafin ya yi ɓarna. Ya isa ya sauya waɗanda jiki ke kunnawa da waɗanda yake kashewa. BPA yana kwaikwayon estrogen, sinadarin da ke umartar ƙwayoyin nono su hayayyafa, kuma hayayyafa ba linzami ita ce tushen ciwon daji. A 2007 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun ciyar da ɓeraye masu ciki BPA, sai launin gashin 'ya'yansu ya karkata zuwa rawaya, alhali rubutun gadonsu bai canja ba.

Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne, kuma hukumar IARC mai binciken ciwon daji ta sanya DEHP ne a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar. Amma tarihi ya yi gargaɗi. An daɗe ana bai wa masu juna biyu maganin DES, shi ma mai kwaikwayon estrogen, sai a 1971 aka gano yana jawo wa wasu 'ya'yansu mata ciwon daji bayan sun girma. Wannan ne irin darasin da ya sa Tarayyar Turai ta hana BPA a kwalbar shayar da jarirai a 2011, sannan a ƙarshen 2024 ta faɗaɗa hanin zuwa mazuban abinci.

A Najeriya, inda ake dafa alale a leda, ake ƙulla tuwo da zafinsa, ake jibge ruwan leda a rana, ya kamata NAFDAC da NESREA su riƙa gwada robobin da ke kasuwa, su bayyana sakamakon ga jama'a. Ya kamata a tilasta wa masu sarrafa roba faɗin abin da suka zuba a ciki, TETFund kuma ta ware wa jami'o'i kuɗin wannan bincike. Jami'an da ke tsara takardun manufofi da kasafin kuɗi su ne za su iya shigar da batun inda za a yi aiki da shi. Rigakafi ya fi magani, musamman a ƙasar da maganin ciwon daji ya fi ƙarfin albashin yawancin ma'aikata.