RA'AYINMU: Plateau United Da Darasin Sake Zubin Ƙungiya

Kowace shekara, da zarar alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe a gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, labari iri ɗaya ne yake fitowa daga ofisoshin kulob-kulob ɗinmu. An sallami 'yan wasa kaza, an ɗebo sababbi kaza, an kawo sabon mai horarwa, an kuma yi wa magoya baya alkawari cewa baɗi za su ga aiki da cikawa. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan shafin ikkilisiya da wannan magana? Ruwanmu ya yi tsaki a ciki. Yaran da ake ɗauka ana sallama kamar 'yan ƙodago, da yawansu 'ya'yan ikkilisiyoyinmu ne, a makarantar Lahadi suka tashi, wasunsu ma suna da mata da 'ya'ya da iyayen da suka dogara a kansu. Kuɗin da ake kashewa kuma na jama'a ne, domin yawancin manyan kulob ɗin ƙasar nan gwamnatocin jihohi ne suke riƙe da su. Saboda haka muka ga ya dace mu dubi tarihin kulob guda ɗaya da masu karatunmu suka sani sarai, wato Plateau United ta Jos, mu ga abin da hawa da saukarta za su koya mana.

Idan ba a manta ba, Jos ba baƙuwar ƙwallo ba ce. A shekarar 1972 da aka fara gasar lig ta ƙasa, Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗaukar kofin, a zamanin su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo. Ita kuwa Plateau United an kafa ta a 1975 da sunan JIB Strikers, kafin daga baya a canza mata suna. A 1999 ta ci kofin ƙalubale na ƙasa bayan ta doke Iwuanyanwu Nationale da ci ɗaya mai ban haushi. Garin nan ne kuma ya haifi John Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon. Amma duk da wannan baiwa da Ubangiji ya zuba a tsaunukan Filato, sai da aka shekara 45 cur kofin lig bai sake kwana a Jos ba. Plateau United ma ta yi shekaru tana fama a ƙaramin rukuni, sai a ƙarshen kakar 2015 ta sami dawowa cikin manya.

Shekararta ta farko da dawowa ta ƙare ba yabo ba fallasa. Kafin kakar 2017 sai shugabannin kulob suka ɗauko Kennedy Boboye ya zama mai horarwa, aka kuma sake zubin 'yan wasa. Abin lura a nan shi ne irin haɗin da aka yi. A raga akwai Dele Ajiboye, wanda ya tsare wa Nijeriya gida lokacin da ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2007. Akwai kyaftin Elisha Golbe, akwai kuma Daniel Itodo wanda ya yi suna wajen jifa mai nisa har cikin da'irar abokan karawa. Ba a tara taurarin da sunayensu suka cika jaridu ba, an dai sami mutanen da kowa ya san aikinsa ya kuma yarda da na kusa da shi. A ranar ƙarshe ta gasar, cikin watan Satumba na 2017, Plateau United ta lallasa Rangers ta Enugu, mai riƙe da kofin a lokacin, da ci biyu da nema a filin wasa na Rwang Pam, ta zama zakara da maki 66. A wannan rana Kirista da Musulmi sun yi murna tare a titunan garin da ya sha zubar da jini tun daga 2001. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa maganar kulob ba maganar wasa zalla ba ce.

To, amma hawa daban, zama a sama daban. A 2018 ƙungiyar ta shiga gasar zakarun Afirka, ta fitar da Eding Sport ta Kamaru, sannan Etoile du Sahel ta Tunisiya ta yi waje da ita. Da ta koma gasar kofin ƙalubale na Afirka, ta doke USM Alger ta Aljeriya da ci biyu da ɗaya a wasan farko, amma a wasa na biyu aka zura mata huɗu ba ko ɗaya. A gida kuma gasar wannan shekara ta tsaya bayan wasanni 24 saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Boboye ya bar kulob ɗin, Abdu Maikaba ya karɓa. A 2019 Plateau United ba ta cikin ƙungiyoyi shida da suka je Legas wasan fid da zakara. Shekara ɗaya bayan haka sai ga ta a saman teburi lokacin da annobar korona ta tsayar da gasar bayan wasanni 25, amma da ta fita Afirka, Simba ta Tanzaniya ta zo har Jos ta ci ta ɗaya, aka kuma tashi babu ci a can.

An sake sabon zubi a ƙarƙashin Fidelis Ilechukwu, ƙungiyar ta zo ta biyu a 2022 a bayan Rivers United. A wannan karon ta doke Esperance ta Tunisiya da ci biyu da ɗaya a Abuja, aka rama mata ɗaya a can, ta fita saboda ƙwallon da aka ci ta a gida. Abin da ya fi ciwo ya biyo baya, domin ta ci Al Akhdar ta Libiya huɗu da ɗaya, kowa yana ganin magana ta ƙare, sai ta je aka ci ta uku ba ko ɗaya, ta sake fita.

Duk wanda ya jera waɗannan sakamako zai ga abu biyu. Na farko, ƙungiyar tana iya doke manyan Afirka ta Arewa a wasa guda, wato ba baiwa ce ta yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sabo da irin wannan fage, sanin yadda ake riƙe nasara a gaban baƙin 'yan kallo idan wasa ya yi zafi. Wannan kuwa ba a sayensa a kasuwar 'yan wasa, sai mutane sun daɗe tare, sun sha kashi tare, sun koyi darasi tare. Esperance da ta fitar da ita an kafa ta tun 1919, ta ci kofin zakarun Afirka sau huɗu, a 1994 da 2011 da 2018 da 2019. A namu ra'ayin, idan ƙungiya ta dawo daga irin wannan tafiya aka watsa 'yan wasanta aka ɗebo sababbi, to an zubar da ilimin da aka saya da tsada, kuma waɗanda za su je gaba za su sake farawa daga baƙi.

Na biyu, masu horarwa uku ne suka riƙe ƙungiyar tsakanin 2017 da 2022, kowannensu ya kai ta sama. Biyu daga cikinsu sun je sun ci kofin lig a wani wuri: Boboye ya ci da Akwa United a 2021, Ilechukwu kuma ya ci da Rangers a 2024. Ba mu ce laifin rabuwa yana wuyan ɓangare ɗaya ba, domin ma'aikaci yana da 'yancin neman inda ya fi masa. Amma kulob da ya san abin da yake yi, shi ne yake shirya wa gwaninsa dalilin zama. Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe.

Akwai wani darasi da ya shafe mu kai tsaye. Ƙungiyar da ta yi kankankan da Plateau United har ranar ƙarshe a 2017 ita ce MFM ta Legas, mallakar ikkilisiyar Mountain of Fire and Miracles, kuma Ilechukwu ne yake horar da ita a lokacin. Shekara ɗaya suka hau babban rukuni da Plateau United. MFM ta nuna cewa ikkilisiya tana iya tsamo yara daga unguwanni ta mai da su 'yan wasan da duniya za ta nema, alal misali Stephen Odey da ya tafi Zurich ta ƙasar Suwizalan a 2017. Duk da haka a 2022 ta faɗa ƙaramin rukuni, tare da Kano Pillars da Katsina United da Heartland. Haka kuma manyanmu za su tuna da BCC Lions ta Gboko, wadda ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1990, ta ci lig a 1994, amma da kamfanin simintin da yake ɗauke da ita ya shiga wahala sai ta dusashe. Sunan ikkilisiya ko na kamfani ko na gwamna ba ya riƙe ƙungiya idan babu tsari mai ɗorewa. Ubangijinmu da kansa, a cikin Luka sura 14, ya gargaɗi mai niyyar gini ya fara lissafin abin da zai ci kafin ya haƙa tushe, don kada ya zama abin dariya. Wannan gargaɗi ya hau kan shugaban kulob, ya kuma hau kan kwamitin ikkilisiyar da yake rushe shirin matasa duk lokacin da aka canza fasto.

Ba za mu rufe ido ga abin kunyar 2013 ba. A wasannin neman hawa rukuni da aka yi a Bauci, ƙaramar ƙungiyar Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, a daidai lokacin da Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema. Duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa kuma ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta haramta wa waɗanda suke da hannu harkar ƙwallo har iyakar rayuwarsu. Ƙaramar ƙungiya ita ce gandun da ya kamata a raini 'yan wasan gobe, amma son sakamako ko ta halin ƙaƙa ya sa aka kashe wa samari da dama sana'a tun ba su fara ba. Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa rawanin nasara na wanda ya bi ƙa'idar wasa ne. Inda aka kula da gandun nan da gaskiya, ba sai an je kasuwa kowace shekara a kwaso mutum ashirin ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da shugabannin kulob-kulob da su riƙa ba 'yan wasa da masu horarwa yarjejeniyar da ta wuce shekara ɗaya, a rubuce, su kuma cika ta. Kukan 'yan wasa a kan albashi da kuɗin sa hannu da ba a biya ba ya daɗe yana fitowa daga sassa dabam-dabam na ƙasar nan. Littafi Mai Tsarki bai yi sassauci a kan wannan ba. Littafin Firistoci sura 19 ya hana riƙe hakkin ɗan ƙodago, wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta nuna cewa kukan ma'aikacin da aka danne wa lada yana isa kunnen Ubangiji. Duk kulob da zai sallami ɗan wasa, ya biya shi hakkinsa tukuna, musamman wanda ya ji rauni yana cikin aikinsu. Bugu da ƙari, ya kamata a riƙa bayyana wa jama'a nawa aka kashe wajen ɗauko 'yan wasa, nawa kuma aka samu daga waɗanda aka sayar, tun da kuɗin talakawa ne.

Ga 'yan'uwanmu magoya baya kuwa, mu ma muna da namu kason. Mu ne muke ihun a kori mai horarwa bayan wasa uku, mu ne muke jifan alƙalin wasa idan ba a ci a gida ba, wasunmu kuma fushinsu na kuɗin caca ne da suka zuba a kan wasan. Kirista a filin wasa Kirista ne, bakin da ya yi waƙar yabo da safe bai kamata ya zagi uwar wani da yamma ba.

Daga ƙarshe muna roƙon fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar matasa su san 'yan wasan da suke cikin ikkilisiyoyinsu. Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajeriya ce, rauni guda yana iya kawo ƙarshenta. A ƙarfafa su su riƙe karatu ko sana'ar hannu, a taimake su su sami wanda ya san doka ya karanta masu takarda kafin su sa hannu, a kuma ziyarci wanda aka sallama kamar yadda ake ziyartar marar lafiya. Ikkilisiyoyin da suke da fili su shirya gasa tsakanin unguwanni, su gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, domin yaran da suka saba ba juna ƙwallo da wuya su ɗauki makami a kan juna. Allah ya ba shugabannin wasanninmu haƙuri da riƙon amana, ya kuma ƙara wa Jos da ƙasarmu zaman lafiya. Amin.