Likita, Nas ko Haɗa Magani: Fa'idodi da Illolin Cike Fom Barkatai Daga Sanyuanli

Bahaushen da ya fito daga tashar Sanyuanli, a kan layi na biyu na jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Guangzhou, galibi jaka da takalmi da sutura ne suka kawo shi. A wannan yanki kasuwannin fata suke, kuma a nan ne gine-ginen titin Guangyuan, irin su kasuwar Canaan, suka cika da 'yan Najeriya a shekarun 2000. Sai dai akwai wani saƙo daga gida da ba ya shiga kwantena. Ka leƙa wayar Alhaji, tsakanin hoton samfurin takalmi da rasidin kago, za ka ga hoton sakamakon WAEC na ɗan ƙaninsa, a ƙarƙashinsa kuma saƙon murya: "Yaya, tunda kana Chaina, a duba wa yaron nan makaranta. Likita yake so, amma ko wanne aka samu, in dai harkar asibiti ce."

Mai saƙon bai yi kuskuren gari ba. A Guangzhou akwai Jami'ar Likitanci ta Kudu, wadda ta sojoji ce kafin a miƙa ta ga lardin Guangdong a 2004, akwai Jami'ar Jinan, akwai Jami'ar Likitanci ta Guangzhou, akwai Jami'ar Sun Yat-sen, akwai kuma wata guda ta haɗa magunguna zalla. A cikin Sanyuanli ɗin kanta, a titin Jichang, tsohuwar harabar Jami'ar Likitancin Gargajiyar Sin ta Guangzhou take, tare da babban asibitinta. Alhaji kan wuce ta ƙofarta a tasi. Don haka idan ejan neman makaranta ya ce masa, "A cike masa likita, a cike masa nas, a cike masa haɗa magani, wanda ya fito shi ke nan," maganar takan zauna masa daram. Haka yake yi da kaya: ya tambayi masana'anta uku farashi, wadda ta fi sauƙi da sauri ita zai ba wa aiki. Tambayar ita ce ko rayuwar yaro tana jure wannan lissafi.

Kafin a kushe dabarar, a tuna abin da ya haife ta. A gida, JAMB gurbi ɗaya take ba ɗalibi, kuma tun da aka kawo tsarin CAPS a 2017 ba a riƙe biyu. Hukumar kula da likitoci ta MDCN ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban likita da za ta ɗauka, shi ya sa a Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya ko Danfodiyo ta Sakkwato za ka ga yaro mai maki na a zo a gani an tura shi ilimin tsirrai ko na dabbobi. Wasu sukan karɓa suna gunaguni, wasu su koma gida su sake zama jarrabawa shekara biyu, shekara uku, har ƙannensu su tarar da su. A ƙasar Sin babu wata hukuma guda da ke raba wa baƙon da zai biya wa kansa gurbi. Kowace jami'a da shafinta na neman shiga, kuma babu mai hana ka ƙwanƙwasa ƙofa biyar.

Babbar fa'idar, wadda ta isa a tsaya a kanta, ita ce ceton shekara. Karatun likita da Turanci ba kowace jami'ar Sin aka yarda ta koyar wa baƙi ba. Ma'aikatar ilimin ƙasar tana fitar da jerin waɗanda aka amince da su, sama da 40 a 'yan shekarun nan, kowacce da iyakar adadin da za ta ɗauka, kuma ɗalibai daga Indiya da Pakistan da Bangaladash da ƙasashen Afirka duk a kansu suke rububi. Wanda ya nemi likita kaɗai, aka ce masa a watan Yuli babu gurbi, sai baɗi. Wanda ya ajiye wata ƙofa a buɗe yana iya shiga aji a Satumba. Ga 'ya mace wannan ba ƙaramin abu ba ne. A gidaje da yawa shekarar da yarinya ta zauna jiran makaranta ita ce shekarar da za a fara maganar aure, kuma Arewa, inda mata da yawa ba sa sakin jiki da namiji a ɗakin awo ko na haihuwa, ba ta da rarar ma'aikaciyar lafiya mace ko ɗaya da za ta yi asara.

Takardun ma iri ɗaya ne. Turanci, lissafi, fiziks, kimistiri da bayoloji su ake dubawa ko likita za ka yi ko nas ko haɗa magani. Fasfo ɗaya ne, takardar 'yan sanda ɗaya ce, bayanin asusun banki ɗaya ne. Fom ɗin gwajin lafiya na baƙi wata shida yake yi ya mutu, saboda haka wanda ya kashe kuɗi aka ɗebi jininsa aka ɗauki hoton ƙirjinsa gara ya aika da shi wuri uku a zango ɗaya da ya sake yi baɗi.

Akwai kuma batun aljihu. Karatun likita a Sin shekara 6 ne har da shekarar koyon aiki a asibiti, kuma kuɗin makaranta a jami'o'i da yawa yana tsakanin yuan dubu 30 zuwa dubu 50 a shekara, ban da ɗaki da abinci da inshora. Jinya da haɗa magani galibi shekara 4 ne, kuɗinsu kuma bai kai haka ba. Ɗan kasuwar da ya ga yadda Naira ta zube daga 2023 ya san cewa alkawarin shekara shida da kuɗin waje ba wasa ba ne. Idan takardu biyu suna hannu, iyali na iya zama su auna ƙarfinsu da gaske, maimakon a fara likita a tsaya a aji uku. Wani lokacin ma cike fom ɗin ne ke sa yaro ya fara sanin cewa asibiti ba likita kaɗai ba ne, akwai mai ɗakin gwaje-gwaje, akwai mai ɗaukar hoto, akwai mai gashin ƙashi, kuma wata cikin waɗannan ta fi dacewa da halinsa.

Illar da aka fi ambata, wato kuɗin fom, ita ce mafi ƙanƙanta. Kowace jami'a tana karɓar ɗaruruwan yuan da ba a mayarwa, ejan kuma yana da nasa kason a kan kowace takarda. Wanda zai biya kuɗin shekara shida ba wannan zai karya shi ba. Amma a lura da abu ɗaya: yawan fom riba ce ga ejan ko yaro ya dace ko bai dace ba, don haka shawararsa ba ta mai neman lada ba ce.

Inda gizo yake saƙa shi ne ranar da takardar farko ta iso. Kwas ɗin da ba a rububinsa shi ke saurin amsawa, na likita kuwa sai an daɗe ana jira. Takardar farko takan zo da wa'adin biyan kuɗin kama gurbi. Alhaji yana shirin loda kaya ya koma Kano, uban yaro ya riga ya faɗa wa maƙwabta cewa ɗansa zai tafi Chaina, sai ka ji an ce, "Da babu gara ba daɗi, a biya kawai." Ranar da wasiƙa ta iso ce ta zaɓa wa yaron sana'ar da zai yi shekara talatin yana yi, shi kuwa ba a tambaye shi ba. Daga nan komai sai ya ɗaure. Jami'ar da aka biya ita za ta fitar da fom ɗin JW202, da shi za a buga bizar X1, kuma cikin kwana 30 da sauka za a mayar da bizar izinin zama da ke rataye da sunan wannan makaranta. Idan takardar likita ta zo daga baya, sai a tarar bakin alƙalami ya bushe.

A nan ne ake yi wa yara alkawarin da na fi tsana: "Ka shiga nas ɗin tukuna, in ka je can sai ka canza." Guraben likita a ƙidaye suke, manhajar daban ce, kuma sau da yawa harshen koyarwar ma daban ne. Jinya da haɗa magani a jami'o'i da dama da Sinanci ake koyar da su, sai ɗalibi ya ci jarrabawar Sinanci ta HSK ko ya yi shekarar koyon harshe kafin ya fara. Wanda ya shiga da niyyar tsallakawa yakan ƙare ko dai ya sake nema daga farko, shekara ta tafi kuɗi sun tafi, ko kuma ya zauna a kwas ɗin da zuciyarsa ba ta ciki. Na biyun ya fi ban tsoro. Aikin jinya aiki ne na kwana a tsaye, na juya marar lafiya, na wanke miki, na sauraron ƙorafin 'yan uwan majinyaci da ƙarfe uku na dare. Wanda ya ɗauke shi a matsayin ladan gaɓe na likitancin da bai samu ba, majinyaci ne zai ɗanɗana kuɗarsa. Duk wanda ya yi jinyar wani a asibitocinmu ya san bambancin nas ɗin da ta zaɓi aikinta da wadda aka jefa.

Sai maganar da Alhaji ba ya iya gani daga Sanyuanli, domin ba a can take ba, a Abuja take. Kowace sana'ar lafiya da hukumarta. Likita da likitan haƙori da suka yi karatu a waje sai sun ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin su taɓa majinyaci a Najeriya. A zaman da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a watan Nuwamban 2023, mutum 836 da suka yi karatu a waje suka zauna, 433 ba su haye ba. Nas da ungozoma hukumar NMCN ce ke tantance su bayan sun yi wani zangon sabawa da aikin gida. Mai haɗa magani sai ya bi ta shirin da hukumar PCN ta tanadar wa waɗanda suka yi karatu a waje, kuma a sani cewa digirin shekara 4 na Sin ya fi karkata ga kimiyyar magani da masana'anta, alhali jami'o'in gida sun koma tsarin shekara 6 mai kusantar majinyaci. Wanda ya cike fom uku, hukuma uku ya kamata ya bincika. A zahiri ba a bincikar ko ɗaya sai yaro ya dawo da takarda a hannu.

Jami'ar da ke titin Jichang misali ce mai kyau, kuma ba don tana da aibu ba. Makaranta ce mai daraja da aka kafa a 1956. Malaminta Li Guoqiao yana cikin waɗanda suka fara gwada sinadarin atemisinin a kan masu zazzaɓin cizon sauro, sinadarin da ke cikin maganin maleriyar da ake sayarwa a kowane kemis a Kano, kuma tawagar jami'ar ce ta yi aikin yaƙi da maleriya a tsibiran Komoros daga 2007. Amma digirin likitancin gargajiyar Sin, na saiwoyi da allurar tsira jiki, ba shi ne digirin likita na MBBS ba, kuma ba shi ne hanyar zama likitan da asibitin Murtala na Kano zai ɗauka ba. A bakin ejan duka biyun "likita" ne, takardar kuwa wani ɓangarenta da rubutun Sinanci ne wanda Alhaji bai iya karantawa ba. Mai son wannan fanni da saninsa ya je, zai samu ilimi. Wanda aka cike masa don cike gurbi kuwa sai bayan shekara biyar zai gane abin da aka saya masa.

Ko wanda ya dace da likitan ma kada ya ɗauka ya huta da harshe. Lacca da Turanci ce, amma tsohuwar da ke kwance a gadon asibiti a Guangzhou da Sinanci za ta faɗi inda ke mata ciwo, wataƙila ma da yaren Kanton. Wannan wahala ce da sai mai son abin yake jurewa, kuma dalili ne na ƙarin cewa zaɓin ya fito daga bakin yaron.

In aka ɗora duka a sikeli, ni ina ganin neman fiye da ɗaya ya fi neman ɗaya tak, amma biyu sun isa, kuma da sharaɗi. Yaro ya faɗa da bakinsa, kafin a biya ko yuan ɗaya, cewa in na biyun ne ya fito zai yi shi har ƙarshe ba da niyyar canzawa ba. In ya yi shiru ko ya ce "to, duk yadda kuka gani," wannan a'a ce. Wanda likita kaɗai ke ransa gara a nema masa likitan a jami'o'i uku da ke cikin jerin ma'aikatar ilimi da a nema masa sana'a uku.

Alhaji, kafin ka tura kuɗin kama gurbi daga Sanyuanli, ka sa ɗalibin gida da ke karatu a Guangzhou ya karanta maka sunan kwas ɗin da harshen koyarwar a jikin takardar, ka sa wani a Najeriya ya tambayi hukumar da abin ya shafa ko tana karɓar wannan digiri, sannan ka kira yaron da kansa, ba ubansa ba.